Zuwa ga ƴan majalisar Amurka: dan Allah ku cire kuɗin ɗumama gidajen talakawa daga cikin rigimarku

Masu girma sanatoci da ƴan majalisar wakilai da ke Washinton, ranku ya daɗe, ina gaisuwa.

Ni Bahaushiya ce, bana shekarata 18 a Bronx, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, in yi musu wanka in dafa abinci in ba su magani in raka su asibiti. Na zama ƴar ƙasa a 2016 kuma tun daga lokacin ban taɓa fashin zaɓe ba, haraji kuwa tun kafin albashi ya iso hannuna an cire shi. Na fara da wannan ne dan ku san mai maganar nan tana da haƙƙi a kanku, ba bara na zo yi ba. Da Hausa nake rubutawa a wannan wata na Disamba 2025 saboda in abu ya ci min rai da ita nake iya fitar da shi yadda yake, kuma ina so ƴan'uwanmu da ke Columbus da Filadelfiya da Miniyafolis su karanta su gane cewa abin da ya same su a watan Nuwamba, wato jinkirin kuɗin ɗumama gida saboda gwamnatin tarayya ta kulle kan rigimar kasafi, ba laifin ma'aikaciyar da ke bayan tebur tana ce musu ku dawo wani satin ba ne. Ɗiyata za ta juya wasiƙar zuwa Turanci mu kai ofishin ɗan majalisarmu da na sanatocinmu biyu.

Maganata ɗaya ce, kuɗin LIHEAP, wato taimakon da gwamnatin tarayya ke ba masu ƙaramin ƙarfi su biya kuɗin ɗumama gida, wanda mu a Niyok muke ce wa HEAP. Ba ni da ikon hana ku faɗa a kan kasafin kuɗi, ku kuka san abin da ke tsakaninku, amma wannan kuɗin dan Allah ku fitar da shi daga cikin faɗan, ya zamana yana hannun jihohi tun kafin sanyi ya sauko ko gwamnati a buɗe take ko a kulle.

Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita kwana huɗu a sati, ta haura 80, ba zan faɗi sunanta ba, ni dai Mama nake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗan ƙaramin gida ne suka saya tun suna da ƙarfinsu, da mai ake ɗumama shi, akwai tanki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai cin galan 275 da wata ƴar allura a samansa da ke nuna inda man ya tsaya. Kuɗin shigarta kaf fanshon Social Security ne sai ɗan taimakon abinci. Duk shekara farkon Nuwamba muke cike fom ɗin HEAP tare, ni ke riƙe biro saboda hannunta na rawa, abin da take samu yakan kai dala 900 kuma ba ta ma ganin kuɗin da idonta, kai tsaye ake tura wa kamfanin da ke kawo mata mai, su zo da tanka su zuba. Da wannan take shiga sanyi, ragowar kuma ta dinga tsakura daga fansho har Maris.

Toh bana ƙarshen Oktoba na sauka ƙasa na duba, allura tana kan kwata. Na ce Mama kar ki damu 3 ga Nuwamba za a buɗe. Ranar ta zo aka ce an ɗaga zuwa tsakiyar wata, tsakiyar wata ta zo aka sake ɗagawa, sai 1 ga Disamba sannan aka fara karɓar fom, kuma karɓar fom daban zuwan tanka ƙofar gida daban, akwai satittika a tsakani. A cikin watan nan guda na ga yadda mutum ke ƙanƙancewa a cikin gidansa. Ta rage zafin gidan zuwa 58 a ma'aunin nan ƙasar, wato wajen 14 a ma'aunin da muka saba da shi a gida, ta rufe saman bene gaba ɗaya ta dawo kwana a kujerar falo, kot a jikinta dare da rana da safa biyu da hula. Tana da ciwon suga, kullum da safe sai na soka mata yatsa na gwada jini, wallahi akwai ranakun da zan soka jinin ya ƙi fitowa saboda yatsun sun sandare, sai na riƙe hannunta cikin nawa ina murzawa kusan minti biyar kafin ɗigo ɗaya ya fito. Wata safiya na buɗe ƙofa na ji warin gas, na tarar ta kunna obin ta bar murfinsa a buɗe ta jawo kujera gabansa tana gyangyaɗi. Na kashe na buɗe taga na zauna ina kuka, ita kuma tana ba ni haƙuri sai ka ce ita ta yi min laifi.

Kamfanin man ba sa fitowa kan ƙasa da galan 100, galan 100 kuwa ya tasam ma dala 400, kuɗi hannu. Ƙarshe ƴan cocinsu ne suka yi karo-karo suka zuba mata. Allah ya saka musu. Amma matar nan da ta yi shekaru tana aiki a kicin ɗin makaranta tana biyan haraji sai da ta yi kwana uku ba ta iya haɗa ido da ni dan kunyar an yi mata karo-karo, wannan abin har yanzu yana tsaya min a wuya.

Ranku ya daɗe ku kun fi ni sanin lissafin amma bari in maimaita shi dan masu karatu. Gwamnati ta kulle 1 ga Oktoba 2025 ba ta buɗe ba sai daren 12 ga Nuwamba, kwana 43, har zuwa lokacin ba a taɓa yin mai tsawonta ba a tarihin ƙasar nan, ta wuce ta ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 mai kwana 35. A ka'ida ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba ma'aikatar lafiya ta tarayya ke sakar wa jihohi mafi yawan kuɗin LIHEAP na shekara, wajen kashi 90 cikin 100. Bana tunda ba ku amince da kasafi ba babu abin da za a saka. Bayan an buɗe ma sai da aka ƙara sama da sati biyu, sai ƙarshen Nuwamba aka saki kusan dala biliyan 3.6. Jihar Pensilbaniya, inda gidaje wajen 300,000 ke dogaro da shirin, ta ɗaga buɗewa daga 3 ga Nuwamba zuwa 3 ga Disamba. A Minesota an ci gaba da karɓar fom amma ba kuɗin biya, Minesota fa, inda sanyi ke fasa famfo a cikin bango. Kuma duk a wannan watan ne aka tsayar da kuɗin abinci na SNAP da mutum miliyan 42 ke ci daga ciki, aka yi ta kai ruwa rana a kotuna daga Rhode Island har kotun ƙoli, toh mai karɓar SNAP da mai karɓar HEAP ai sau da yawa mutum ɗaya ne, gida ɗaya ne, firij wayam ɗaki kuma kamar cikin firij.

Duk wanda ya taso a ƙauye a wajenmu ya san takin gwamnati da ke isowa bayan gero ya yi kai. A takarda an raba taki, buhu kaza an kai ƙaramar hukuma kaza, ba wanda zai ce ba a bayar ba, amma manomi ya riga ya yi asarar shekarar. Haka kuɗin ɗumama gida yake, amfaninsa a lokacinsa yake. Kun biya daga baya, na yarda, ko sisi ba a rage ba, amma dararen Nuwamban da Mama ta kwana a gaban obin ba a biyan bashinsu daga baya.

Na ji wasu na cewa ai jihohi sai su ranta su cike gurbin kafin kuɗin tarayya ya zo. Da me? Dokar shirin da ku kuka rubuta ta hana jiha ta ajiye fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin bana zuwa baɗi, kun ga ke nan ku kuka hana su tara rumbu, sannan ranar da kuka rufe famfo a ce su ɗebo daga rumbu. Ƴan jihohin da suka ɗan taɓuka da aljihunsu sun yi ƙoƙari amma na ƴan kwanaki ne, kuma tsohuwar da ke jihar da ba ta da hali ita ma ƴar ƙasa ce kamar kowa.

Sai wata magana da ta fi wannan ɓata min rai, wadda aka rubuta cikin kasafin da fadar White House ta aiko muku a watan Mayun 2025 tana neman a soke shirin ɗungurungum, wai ba a buƙatarsa tunda jihohi na da dokokin hana yanke wa talaka wuta da gas lokacin sanyi. Duk wanda ya rubuta wannan ina roƙonsa ya zo ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasan Mama ya kalli tankin nan. Dokar hana yankewa tana aiki ne a kan kamfanin da ke da waya ko bututu zuwa gidanka. Mai kawo mai a tanka, ko gas na tukunya, ko kananzir, ko itace, shi ba ya yanke maka komai, kawai ba zai zo ba ne in ba ka biya ba, shikenan tanki ya bushe. A jihar Maine wajen rabin gidaje da mai suke ɗumama ɗaki, haka ƙauyukan arewacin Niyok da Vermont da Alaska da yankunan ƴan asalin ƙasar nan cike suke da masu tanki da tukunya. Su ma masu wuta da gas ɗin da doka ta kare, ai ba yafe musu aka yi ba, bil ɗin na nan yana taruwa wata bayan wata, dokar Pensilbaniya tana ƙarewa 31 ga Maris, ta Minesota 30 ga Afrilu, washegari takardar yankewa na iya shigowa da bashin wata huɗu ko biyar a kai. Ƙungiyar daraktocin shirin ta ƙasa, NEADA, ta daɗe tana faɗa cewa kusan gida ɗaya cikin shida a Amurka ana bin sa bashin wuta ko gas. An kuma kawo zancen maguɗi, ana jingina da wani binciken da aka yi tun 2010. In akwai ɓarawo a kama shi mana, mu ma ba ma son a ci kuɗin marayu da tsofaffi, amma shekara 15 ke nan da binciken, kuma ni da nake cike fom ɗin nan da hannuna na san irin takardun da ake nema yanzu, shaidar albashi, shaidar haya, bil, lambar kowa da ke cikin gidan, har na jarirai.

Kuma ta yaya za a ce ana tsoron maguɗi sannan a kori masu sa ido? Ranar 1 ga Afrilu 2025 cikin korar ma'aikata 10,000 da aka yi a ma'aikatar lafiya ƙarƙashin shugabanta Robert F. Kennedy Jr. aka sallami duka ma'aikatan ofishin LIHEAP, mutum ashirin da ƴan kai, su ne masu lissafin kason kowace jiha da duba tsarin da ta aiko da bin diddigin inda kuɗin ya tafi. Mutum ashirin da ƴan kai a kan shirin dala biliyan 4 da ke kaiwa gidaje kusan miliyan 6, wannan ai ba su ne suka yi wa gwamnati nauyi ba. Ku ne masu riƙe da lalitar, kuna da ikon rubutawa a cikin doka cewa a mayar da ma'aikata kuma a saki kuɗin cikin kwana kaza.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa ni musamman, ƴar Afirka ta Yamma mazauniyar Bronx, ba na iya yin shiru a kan maganar sanyi. Ranar Lahadi 9 ga Janairu 2022 gobara ta tashi a benen Twin Parks da ke titi na 181, mutum 17 suka rasu, 8 daga ciki yara, yawancinsu ƴan Gambiya ne Musulmi, mutanen da muke haɗuwa da su a kasuwa da masallaci da wajen suna. Hita ce ta lantarki da aka bari a kunne ta kama, ƙofofin da ya kamata su rufe kansu ba su rufe ba hayaƙi ya cika benen. Na je jana'izar, ban taɓa ganin akwatunan gawa jere haka ba, manya da ƙanana, har yau in na rufe ido ina ganin ƙananan. Kafin nan a Maris 2007 a unguwar Highbridge wata gobarar ta cinye mutum 10 ƴan Mali, 9 yara, ita ma daga wayar hita ta fara. Ba ina cewa rashin kuɗin HEAP ne ya kashe su ba, ba zan ɗora muku abin da ba ku yi ba, waɗancan maganar masu gida ce da gyaran gini. Abin da nake cewa shi ne mun san da idonmu abin da mutum ke yi in ɗaki ya yi sanyi ga yara suna rawar ɗari. Ba zama yake yi yana jiran majalisa ba. Zai sayo hita mai arha ya jona ta a doguwar waya ƙarƙashin kafet, zai buɗe obin, zai tafasa ruwa a tukunya har gari ya waye. Mutanenmu ma akwai wanda zai tuna kaskon wuta na lokacin hunturu a gida ya shigo da gawayi ɗaki, ya manta cewa ɗakin gida iska na shiga ta ko'ina, na nan kuwa a toshe yake ruf, hayaƙin da ba ya wari ba a kuma ganinsa ya kwantar da mutane su wuce a cikin barci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, CDC, ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa duk shekara a ƙasar nan ta wannan iskar guba ba tare da gobara ba ma. Duk satin da kuka jinkirta kuɗin nan hitoci nawa aka ƙara kunnawa a ɗakunan da yara ke kwance, ku yi wa Allah ku yi tunanin wannan.

Ita dokar LIHEAP da kanta ta san abin gaggawa ne, tunda ta ce in gida ya shiga matsala, an yanke ko mai ya ƙare, a kai masa ɗauki cikin awa 48, in kuwa rai na cikin haɗari cikin awa 18. Doka na lissafi da awa, kasafi kuma ya makara da kusan wata guda, abin nan bai haɗu ba ranku ya daɗe.

Ba wani sabon abu nake nema ba, hanyar na nan kun santa kun sha bin ta. Tun 2009 kuka yi doka cewa kuɗin asibitocin tsofaffin sojoji a ware shi shekara guda kafin lokaci, shi ya sa ko gwamnati ta kulle asibitocinsu na aiki, kuma kun kyauta, sun cancanta. Fanshon Social Security da Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi, ba sa tsayawa saboda ba sa jiran kasafin shekara-shekara. A 2013 ana dab da kullewa kuka yi doka cikin gaggawa a ci gaba da biyan sojoji. A 2019 kuka yi wata cewa duk ma'aikacin tarayya za a biya shi albashinsa na baya in an buɗe. Shi kansa LIHEAP a shekarun 1990 an sha ware masa kuɗi tun shekara guda kafin lokaci dan jihohi su san abin da za su samu su shirya, daga baya aka bari. Kuma a kullewar 2018 zuwa 2019, duk da ta faɗo tsakiyar sanyi, kuɗin ɗumama gida bai tsaya ba saboda kasafin ma'aikatar lafiya an riga an sa masa hannu tun Satumba. Kun ga ke nan an gwada an gani, in kuɗin ya fita da wuri faɗanku ba ya taɓa shi. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, shekarar kasafinku 1 ga Oktoba take farawa, ranar ce kuma lokacin kunna ɗumi ke farawa a birnin Niyok bisa doka, wato ranar da kuka fi yawan kullewa ita ce ranar da aka fara buƙatar kuɗin, toh me zai hana a raba su?

Albashinku ma ai ba ya tsayawa. Dala 174,000 a shekara ga ɗan majalisa, yana shiga ko a buɗe ko a kulle, na san wasunku sun ce a riƙe nasu har a buɗe kuma na yaba musu. Ba ina faɗa dan in ci muku fuska ba ne, ina faɗa ne dan ya nuna akwai abubuwan da ƙasar nan ta riga ta yanke cewa ba a wasa da su, ni kuma ina neman a saka ɗumin ɗakin tsohuwa da jariri a cikin jerin. Majalisar wakilai ta tashi 19 ga Satumba ba ta sake zaman jefa ƙuri'a ba sai 12 ga Nuwamba, a cikin kwanakin nan ni ban yi fashin aiki ko na rana ɗaya ba saboda in ban je ba Mama ba za ta yi wanka ba, masu kula da jiragen sama ma sun yi ta zuwa aiki ba albashi.

Ba na ɗora wa jam'iyya ɗaya. Na san abin da ƴan Democrat suka tsaya a kai, tallafin inshorar lafiya da zai ƙare ƙarshen 2025, ni ma abin ya shafi mutanen gidana kuma na fahimci dalilinsu. Na kuma ji ƴan Republican na cewa a buɗe tukuna a yi magana daga baya. Kowa da hujjarsa, a majalisar dattawa sai an sami ƙuri'a 60, kowa ya riƙe wuyan kowa. Amma LIHEAP ba na jam'iyya ba ne tun asali, a 1981 aka kafa shi Ronald Reagan ne ya sa hannu bayan tsadar man shekarun 1970 ta gasa wa mutane aya a hannu, kuma sau da dama ana neman soke shi, har a 2017 da 2018, ku ne daga ɓangarorin biyu kuka ƙi. Sanata Susan Collins ta Maine da Sanata Jack Reed na Rhode Island da Sanata Lisa Murkowski ta Alaska kusan duk shekara tare suke rubuta takarda a saki kuɗin da wuri, Allah ya saka musu da alheri. Sanata Collins, ranki ya daɗe, yanzu ke ce shugabar kwamitin kasafi na majalisar dattawa, mutanen jiharki su suka fi kowa sanin tankin mai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Takardar roƙo duk shekara ta yi, amma abin da zai raba mu da wannan fargabar doka ce. Ke da Sanata Patty Murray da Tom Cole da Rosa DeLauro na majalisar wakilai, ku huɗun nan da ke jagorantar kwamitocin kasafin majalisun biyu in kuka haɗa kai a kan layi biyu ko uku cikin kasafi an gama.

Ko a shekarar da komai ya tafi daidai ma fa kuɗin ba ya isa, cikin gidaje biyar da suka cancanta da ƙyar ɗaya ke samu, jihohi kan rufe karɓar fom in kuɗi ya ƙare ba dan mabuƙata sun ƙare ba. Dala biliyan 4 a kasafin da ya kusa tiriliyan 7 ko kobo ɗaya cikin naira goma bai kai ba. Kuma ba na sanyi kaɗai ba ne, da shi ake taimaka wa mutane da kuɗin sanyaya ɗaki lokacin zafi, a gundumar Maricopa ta Arizona kaɗai zafi ya kashe mutum 645 a 2023, dan haka sanatocin kudu kar su ɗauka maganar ƴan arewa ce.

Ƴan'uwana da ke karanta wannan, kalma ɗaya gare ku kafin in rufe. Da yawanmu kunya ke hana mu nema, wai kar a ce muna cin sadakar gwamnati, wasu kuma tsoron takardu. In kai ɗan ƙasa ne ko kana da girin kad kuma abin da ke shigowa gidanka bai da yawa, je ka tambaya, harajinka ne, ko da kuɗin ɗumi na cikin haya akwai ɗan abin da ake bayarwa. In mai gida ya ƙi kunna ɗumi a birnin Niyok a kira 311, doka ta ce zafin ɗaki ya kai 68 da rana in waje ya yi sanyi, da dare 62. Dan girman Allah kar a shigo da gawayi ɗaki, kar a kwana da obin a buɗe, hita kuma a jona ta a bango kai tsaye a nesanta ta da labule da katifa. Kuma ku kira ofishin ɗan majalisarku, kyauta ne, suna rubuta duk kiran da ya shigo, in Turancin bai zauna ba a ba yaro wayar ya faɗa.

Ranku ya daɗe, yarjejeniyar da kuka buɗe gwamnati da ita 30 ga Janairu 2026 za ta ƙare. Kun ba ma'aikatar noma kasafin shekara cikakke dan kar kuɗin abinci ya sake tsayawa, kun kyauta, amma ma'aikatar lafiya da LIHEAP ke ƙarƙashinta tana cikin masu jiran 30 ga Janairu, kuma akwai ragowar kason bana da ba a saka ba tukuna, shi ne jihohi ke lallaɓawa da shi su kai ƙarshen sanyi. Abin da nake roƙo kafin ranar ku kammala kasafin shirin na bana, ku saka na baɗi a ciki tun yanzu yadda 1 ga Oktoba mai zuwa kuɗin na hannun jihohi, ku rubuta ranar da dole a sake shi, ku mayar da ma'aikatan da aka kora, batun soke shi kuma ku ƙi kamar yadda kuka saba ƙi.

Mun cike fom ɗin Mama ranar da aka buɗe, 1 ga Disamba, muna jiran takardar amincewa. Jiya na sauka ƙasa da tocila na duba, galan 100 ɗin da ƴan coci suka zuba ya kusa rabi, na hau na ce mata akwai sauran mai ta ƙara zafin zuwa 64 ko na daren nan ne, ta ce a'a a bari sai tanka ta zo.

Taku mai biyan haraji kuma mai jefa ƙuri'a,
wata mai kula da tsofaffi a Bronx, Niyok
Disamba 2025